Yadda Za Ka Haɗa Damben Gwanayen da Zamani Ya Raba: Willie Pep da Salvador Sánchez a Fage Ɗaya

Duk inda masu son damben boksin suka haɗu, hira ba ta yin nisa sai wani ya jefo tambayar nan: da a ce wane da wane sun yi zamani ɗaya, wa zai doke wani? Nan take muryoyi su ɗaga. Dattijo ya ce 'yan yanzu ba su san wuya ba, matashi ya ce ai karen bana shi ke maganin zomon bana, a watse kowa na kan bakansa. Ni kuwa ina ganin tambayar ta fi ƙarfin hayaniya. In aka bi ta a tsanake, babu abin da ke koya wa mutum kallon dambe kamarta, domin tana tilasta maka ka faɗi abin da ke sa gwaninka cin nasara, ka kuma faɗi irin mutumin da zai iya hana shi.

Zan yi misali da ajin fedawet, wato ajin nauyin gashin tsuntsu, wanda iyakarsa laba 126 ce, kilo 57 da ɗan ɗoriya. Aji ne da ya tara gwanaye: Henry Armstrong, Willie Pep, Sandy Saddler, Hogan Bassey ɗan Najeriya da ya ɗauki kambun duniya a Faris a 1957, Vicente Saldivar, Eusebio Pedroza, Salvador Sánchez, Azumah Nelson na Gana, Naseem Hamed, Marco Antonio Barrera, Manny Pacquiao. Daga cikinsu na zaɓi Pep ɗan Amurka da Sánchez ɗan Meziko. Da su za mu bi matakan, amma hanyar ɗaya ce ko da wa ka haɗa.

Mataki na farko: zaɓi dare guda a rayuwar kowannensu

Ɗan dambe ba ya zama mutum ɗaya daga farkon sana'arsa zuwa ƙarshenta. In ka ce "Pep" ka yi shiru, ba ka faɗi komai ba tukuna. Akwai Pep ɗan shekara 20 da ya karɓe kambu daga hannun Chalky Wright a Nuwamban 1942. Akwai Pep na 1946, wanda ya kwantar da Sal Bartolo a turmi na 12 ya haɗe kambunsa da na Bartolo wuri ɗaya. Akwai Pep na bayan haɗarin jirgin sama na Janairun 1947, inda ya samu karaya a ƙafa da baya, amma ya dawo fage cikin wata shida. Akwai kuma tsohon Pep da ya ci gaba da dambe har cikin shekarun 1960. Na 1946 nake ɗauka, lokacin da ƙafarsa ba ta taɓa karyewa ba, ƙwarewa kuma ta riga ta zauna.

Na Sánchez ya fi sauƙi, don rayuwarsa gajeriya ce. Daren 21 ga Agustan 1981 a Las Vegas nake ɗauka, ranar da ya haɗu da Wilfredo Gómez na Puerto Rico. Gómez ya zo da nasara 32, dukansu kwantarwa, ba a taɓa doke shi ba. Sánchez ya kai shi ƙasa tun a turmin farko, ya kumbura masa fuska, alƙalin wasa ya tsayar da damben a turmi na takwas.

Ka kuma tabbata daren da ka zaɓa a cikin ajin yake. Pacquiao da ya doke Oscar De La Hoya a 2008 ya riga ya hau aji masu nauyi. In fedawet ake magana, Pacquiao na Nuwamban 2003 za ka kawo, wanda ya tsayar da Barrera a turmi na 11.

Mataki na biyu: rubuta dokokin wasan kafin ka bari zuciyarka ta zaɓi gwani

Nan ne yawancin musu ke lalacewa, domin kowa yana da fagen da yake gani a ransa, kuma ba ɗaya ba ne da na abokin musunsa. Ɗauki takarda ka amsa waɗannan tun kafin a kaɗa ƙararrawa.

Turmi nawa za a yi? A zamanin Pep da na Sánchez damben kambu turmi 15 ne. Bayan ɗan damben Koriya ta Kudu, Duk-koo Kim, ya rasu sakamakon wasansa da Ray Mancini a Nuwamban 1982, WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin damben duniya, ta rage shi zuwa 12, sauran hukumomin suka bi baya kafin ƙarshen shekarun 1980. Turmi uku minti tara ne kacal, amma dubi abin da Sánchez ya yi a cikinsu. A turmi na 13 ya karɓe kambu daga Danny Lopez a Fabrairun 1980. A na 14 ya sake tsayar da shi. A na 15 ya tsayar da Azumah Nelson a Yulin 1982. Wanda ya ce a yi turmi 12 ya zare wa Sánchez makaminsa mafi kaifi, ko ya sani ko bai sani ba.

Yaushe za a hau sikeli? A da, ranar damben ake awon nauyi, sa'o'i kaɗan kafin a shiga fage. Daga baya aka mayar da shi jajibiri, don a ba jiki damar maido da ruwan da ya rasa. Abin da hakan ya haifar shi ne ɗan damben yau yana ƙona jikinsa ya sauko kilo 57, ya hau sikeli, ya kwana yana sha yana ci, washegari ya shigo fage da ƙarin kilo huɗu ko biyar, wani ma fiye. Sunan ajin ɗaya ne, amma jikin da ke tsaye a gabanka ya fi na da girma. Alherin haɗin Pep da Sánchez shi ne dukansu 'yan awon ranar wasa ne. Da zarar ka kawo na zamani cikin lissafi, dole ka tsayar da magana: ko shi ya jure awon safiya, ko na da ya samu jajibirinsa.

Safar hannu fa? A da an sha amfani da ƙaramar safa mai oza shida, cike da gashin doki, wadda ke matsewa in dambe ya yi nisa. Yau oza takwas ce a wannan ajin, yawanci da soso a ciki. Ƙaramar safa tana tsaga fata, kuma ba ta ba mutum damar ɓoye fuskarsa duka a bayanta. Faɗin fagen ma abin dubawa ne. Mai yawo da ƙafa yana son fili, mai matsa lamba yana son ƙunci. Fage mai ƙafa 20 ya dace da Pep, mai ƙafa 16 ya dace da duk wanda ke farautarsa.

Sai yadda ake ba da maki. A zamanin Pep, a wurare irin su Niyok, turmi-turmi ake ƙirgawa: wanda ya ci turmi mafi yawa shi ya ci wasa. Yanzu wanda ya ci turmi yana samun maki 10, ɗayan 9, in an kai shi ƙasa a ƙara rage masa. Ga yadda wannan ke juya sakamako. A Mayun 2004 Pacquiao ya kai Juan Manuel Márquez ƙasa sau uku a turmin farko. Márquez ya tashi, ya karanci abokin karawarsa, ya riƙa cin turmi bayan turmi. Alƙalai biyu sun rubuta turmin farkon 10 da 6, na ukun ya rubuta 10 da 7, kuma wannan maki guda ne ya sa aka tashi canjaras. Da ƙirgen turmi aka yi irin na da, faɗuwa ukun nan da turmi ɗaya kawai za su tsaya.

Na ƙarshe, kuma wanda aka fi mantawa: wane irin alƙalin wasa ne a tsakiya? Wanda zai bar riƙo da kokawa da turin kai, ko wanda zai raba da zarar an rungumi juna? Wasan Pep da Saddler na huɗu, a Satumban 1951, ya cika da ƙeta har hukumar dambe ta Niyok ta hukunta su duka biyun. Alƙalin yau ba zai bari a kai rabin haka ba.

Dokokina a wannan haɗin: turmi 15, awo ranar wasa, safa mai oza takwas, fage mai ƙafa 18, maki irin na yanzu, alƙali mai barin dambe a kurkusa amma ba ya barin kokawa.

Mataki na uku: kalli hoton wasanninsu da biro a hannu

Gani ya kori ji. Amma kada ka dogara da 'yan gutsattsarin bidiyo da ake haɗawa a YouTube da kiɗa a ƙarƙashi, domin a cikinsu kowa gwani ne. Nemi cikakken wasa, aƙalla uku ga kowane mutum, kuma ɗaya daga ciki ya zama wanda ya sha wuya. Kashe sautin, don mai sharhi yakan sa ka ga abin da shi yake so. A kallon farko, bar hannaye, ka zuba wa ƙafafu ido.

In ka yi haka da wasan Pep da Ray Famechon na Faransa na 1950, za ka ga abin da ya sa ake kiransa da sunan wutar aljanu mai gilmawa. Yana taka hagu kamar can za shi, abokin karawa ya juya, sai ka gan shi a dama. In an matse shi jikin igiya, yakan ɗora tafin hannu a gwiwar hannun mutum ya juya shi kamar ƙofa, kafin wancan ya waiwayo Pep yana bayansa, ya riga ya saka naushi biyu ya fice. Ka tuna fa wannan Pep ne na bayan haɗarin jirgi.

Sánchez kuwa, kalle shi a minti ɗayan hutu tsakanin turmi. Ka tsayar da idonka a kusurwarsa bayan turmi na 12, ka dubi ƙirjinsa. Da ƙyar za ka ga yana hawa da sauka, baki a rufe, fuska ba ta nuna komai, kamar wanda ke jiran a kira sunansa. A cikin turmi kuma, dubi kansa: yana kaucewa da ɗan taƙi kaɗan, naushi ya wuce ta gefen kunnensa, hannunsa na dama ya bi ta saman hannun da ya kawo harin. Ɗan dambe ne mai jiran ka fara, sannan ya sa ka yi da-na-sani.

Rubuta abubuwa uku game da kowa: a wane nisa yake jin daɗin dambe, me yake yi in an buge shi da gaske, kuma yaya yake a turmi na farko da na ƙarshe. Ka yi wa tsohon hoto adalci. Kyamara ɗaya ce daga nesa, baƙi da fari, babu maimaici a hankali. Naushin da bai yi ƙara a kunnenka ba ya yi zafi a jikin wanda ya sha shi.

Mataki na huɗu: nemo wanda ya taɓa ba shi wahala, ka tambayi dalili

Wannan shi ne zuciyar aikin. Yawan nasara ba ya gaya maka yadda za a doke mutum. Wasannin da ya sha da ƙyar su ke faɗa.

Pep ya ci wasa 229 a rayuwarsa, aka doke shi sau 11. Kafin ya haɗu da Saddler a Oktoban 1948, sau ɗaya tak aka taɓa doke shi a cikin wasanni sama da 130, kuma wanda ya yi hakan, Sammy Angott, ɗan aji na sama ne mai yawan riƙo. Sai ga Saddler, dogo, siriri, mai dogayen hannaye, wanda ya kwantar da mutum sama da 100 a sana'arsa. Ya kwantar da Pep a turmi na huɗu. Pep ya rama a Fabrairun 1949, ya yi turmi 15 na gwaninta ya karɓo kambunsa da fuska a tsage. A na uku, a 1950, kafaɗar Pep ta goce bai fito turmi na takwas ba. A na huɗu ido ya tsage ya tsaya bayan na tara. To mene ne Saddler ke da shi? Tsawo, naushi mai nauyi a kowane hannu, da rashin kunyar riƙe mutum ya murɗe shi ya daki cikinsa. Bai tsaya gasar wayo da Pep ba, jikinsa ya riƙa lalatawa.

Yanzu tambayar: Sánchez yana da waɗannan? Ya ɗan fi Pep tsawo, amma ba kamar Saddler ba. Naushinsa na tarawa ne, yana cin mutum a hankali. Ba mai kokawa ba ne. Abin da ya karya Pep ba ya cikin kayan aikinsa sosai.

Juya ta ɗaya ɓangaren. Sánchez ya ci 44, aka doke shi sau ɗaya yana yaro a ƙaramin aji, ya yi canjaras ɗaya. Waɗanda suka zo masa kai tsaye da nufin kwantarwa, irin Lopez da Gómez, su suka fi shan kashi, domin sun kawo masa abin da yake so. Waɗanda suka ba shi ciwon kai daban ne. Patrick Ford na Guyana, dogo mai dambe daga nesa, ya kai shi turmi 15 a 1980 har alƙali ɗaya ya ga canjaras. Pat Cowdell na Ingila, mai motsi da tsare gida, ya kai shi turmi 15 a Disamban 1981, alƙalai suka rabu, duk da Sánchez ya kai shi ƙasa a turmin ƙarshe. Ma'ana, in aka ƙi kawo masa hari aka bar shi ya yi farauta da kansa, hasken Sánchez yana raguwa. Cowdell ƙwararre ne, amma tsakaninsa da Pep a wannan fanni akwai tafiya mai nisa.

A nan zan ja kunnenka game da wani rami da kowa ke faɗawa: wane ya doke wane, wanen kuma ya doke wane, saboda haka na farko ya fi na ƙarshe. Cowdell ɗin nan da ya wahalar da Sánchez turmi 15, Azumah Nelson ya kwantar da shi a turmin farko a 1985. Amma Sánchez ya doke Nelson. Shi ma Nelson ɗin da Sánchez ya doke, wasa 13 kawai ya taɓa yi, kuma a ƙurarren lokaci aka kira shi ya maye gurbin wani. Nelson da ya kwantar da Gómez a Disamban 1984 ya ɗauki kambu ya riga ya zama wani mutum. Salo ne ke haɗuwa da salo, a wani dare takamaimai.

Ka kuma tambaya ko mutum yana da dabara ta biyu in ta farko ta ƙi. Naseem Hamed, bahago mai naushin ban tsoro, bai taɓa faɗuwa wasa ba sai da ya haɗu da Barrera a Afrilun 2001. Kowa ya zaci Barrera zai shigo da ƙarfi kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya daga nesa, yana zagayawa yana guje wa hannun hagun Hamed, yana tsikararsa da hannun gaba. Hamed ya yi turmi 12 yana neman naushi ɗaya da bai samu ba. Pep da Sánchez dukansu masu sauya dabara ne a tsakiyar wasa, shi ya sa haɗinsu ke da daɗin tunani.

Mataki na biyar: kaɗa ƙararrawa, ka bi wasan kashi-kashi

Kada ka yi tsalle zuwa sakamako. Raba turmi 15 gida uku, ka rubuta abin da kake gani a kowane kashi, kana kafa hujja da abin da ka riga ka tara.

Biyar na farko na Pep ne, kuma ba na jin akwai gardama mai ƙarfi. Sánchez yakan ɗauki lokaci yana karantar mutum, ga shi an ba shi littafi mafi wuyar karatu. Pep zai tsikare shi da hagu, ya shiga da naushi uku marasa nauyi, ya fita ta gefe kafin hannun daman nan ya iso. Ina ba shi huɗu cikin biyar.

Daga na shida zuwa na goma Sánchez zai daina neman kai, ya koma ciki da haƙarƙari, ya fara tare hanya maimakon bin baya. Zai gano cewa Pep yakan fice ta wani gefe fiye da wani, ya ajiye masa naushi a can. A nan wasan zai daidaita. Ina ganin uku ga Pep, biyu ga Sánchez, ko akasin haka in fata ta tsage, domin girar Pep ta sha ɗinki a rayuwarsa.

Biyar na ƙarshe gidan Sánchez ne. Numfashinsa yana nan, naushinsa yana ƙaruwa. Sai dai Pep ba baƙon turmi 15 ba ne. Ya yi su da Wright yana ɗan shekara 20, ya yi su da Saddler jini na zuba a fuskarsa bai bari an kama shi ba. Sánchez zai ci uku ko huɗu a nan, mai yiwuwa ya girgiza shi sau ɗaya a na 14. In ka tara, Pep yana da turmi takwas ko tara.

Mataki na shida: yanke hukunci da "sau nawa cikin goma", sannan ka sauya abu ɗaya

Tsakanin gwanaye irin waɗannan, wasa ɗaya ba ya raba gardama. Pep da Saddler ma sai da suka yi huɗu. Saboda haka ka ce: in sun haɗu sau goma a kan waɗannan dokoki, sau nawa kowa zai ci? Ni na ba Pep shida, Sánchez huɗu, kuma biyu daga cikin huɗun nan tsayarwa ce a turmi na 13 zuwa 15 saboda tsagewar fata.

Ban ji daɗin rubuta wannan ba, domin Sánchez ne na fi so a duk ajin. Ya rasu a haɗarin mota ranar 12 ga Agustan 1982, mako uku bayan wasansa da Nelson, yana ɗan shekara 23, kambu na hannunsa bayan ya kare shi sau tara. Duk mai sonsa yana jin cewa da ya kai 26 da ya fi haka. Nima ina jin hakan. Amma Sánchez ɗan shekara 26 bai taɓa hawa fage ba, ba ni da hoton wasansa da zan kalla, don haka ba zan sa shi cikin lissafi ba.

Da ka samu hukuncinka, koma kan takardar dokoki ka canja layi ɗaya, ka ga ko zai tsaya. Mayar da wasan turmi 12: Pep ya koma bakwai ko takwas cikin goma. Rage fagen zuwa ƙafa 16, ka ba su safa mai oza shida: Sánchez ya kamo shi, biyar da biyar. Ɗauke Pep na 1946 ka sa na 1951, wanda ƙafarsa ta fara nauyi: Sánchez ya wuce gaba. In kuma ka cire Pep gaba ɗaya ka sa Saddler a gaban Sánchez, lissafin ya sake sabon lale, domin Saddler zai zo kai tsaye, irin zuwan da Sánchez ke so, amma da tsawon da ya ba shi wahala a hannun Ford. A wannan haɗin, kafin ka kalli hoto ko ɗaya, fara da tsayar da wanda zai yi alƙalanci a tsakiya, da iyakar riƙon da zai bari.